Kafin ka sa zarto a katako mai tsada: amsa ga matashin kafinta

Ƙanena, na ga tambayarka. Ka ce ka gama koyon kafinta a nan Jos, hannunka ya faɗa a kan gado da wadirob da kushin na amare, amma zuciyarka na wajen wani abu daban: kujeru da tebura masu ɗan wasa a jikinsu, waɗanda yaro zai so, babba kuma ba zai ji kunyar zama a kai ba. Kana son sanin ta ina ake fara zanen, yaya ake gwada shi kafin a zuba kuɗi a katako, da kuma ko dole sai mutum ya iya kwamfuta.

Bari in sallami ta ƙarshen, don ita ce mai sauƙi. Ba dole ba ne. Fensir, rula, tef ɗinka na awo da littafin lissafi mai ƙananan gidaje irin na 'yan makaranta sun ishe ka farawa yau. Manhajar zane ta SketchUp da ire-irenta za su yi maka rana nan gaba, lokacin da za ka nuna wa mai saye hoto, ko za ka kai aiki wajen masu injin yanka na kwamfuta. Amma a farkon tafiya kwamfuta na da wata illa: duk abin da ka zana a cikinta fitowa yake sumul kamar an gama shi, sai ka ƙwallafa rai a kansa tun ba ka san ko zai tsaya da ƙafarsa ba.

Kafin ka ɗauki fensirin ma, zauna ka kalli yaran gidanku na yini guda. Yawancin abin da ake jerawa a bakin titi da sunan kayan yara, kujerar manya ce aka datse wa ƙafa, aka shafa mata ja da shuɗi, aka manna hoton katun a bayanta. Ranar da aka kawo ta gida yaro zai yi ta tsalle. Bayan kwana biyu za ka tarar ya kifa kujerar tsugunnon uwarsa yana tura ta a tsakar gida, ta zama mota; an jima ya haye ta, ta zama doki; da yamma ya jera mata gwangwanaye, ta zama shago. Kujerar tsugunno ba ta da fenti ba ta da fuska, amma tana barin yaro ya yi yadda ya ga dama da ita. Wasan yana cikin abin da kayan ke barin jiki ya yi: a hau, a shiga ƙarƙashi, a kifa, a tura, a ɗora wani kan wani, a girgiza, a ɓuya. Don haka duk zanen da ka yi, rubuta a gefensa abu uku da za a iya yi da shi. In ka rasa na biyu, wuce shi.

Shi ya sa ba na ba da shawarar a fara da siffar dabba. Kujerar da aka yi wa ido da kunne da wutsiya ta riga ta gaya wa yaro ko ita mece ce, babu sauran abin da zai ƙirƙira. Ga shi kuma a garin nan akwai gidaje da yawa da ba sa son siffar mai rai a ɗaki, ka ga ka rage wa kanka kasuwa. Sannan aikinta na da wuya. A 1945 Charles da Ray Eames, mata da miji 'yan Amurka da suka yi suna wajen lanƙwasa filawud, sun ƙera wa yara wata giwa ta zama. Ta yi kyau ƙwarai, amma lanƙwasa kan nata ya yi wuyar da ba ta shiga kasuwa ba sai 2007, bayan dukansu sun rasu, lokacin da kamfanin Vitra ya fito da ita. Mutanen da ke da injin matse katako da zafi ke nan fa. Kai mai zarto da jigso, zana abin da kayan aikin shagonka za su iya yankawa sau hamsin ba tare da wani ya saɓa da wani ba.

Daga nan sai awo, kuma a nan gizo ke saƙa. Tun 1907, da Maria Montessori ta buɗe makarantarta ta farko a birnin Rum ta sa aka yi wa yara kujeru da tebura daidai jikinsu, waɗanda za su iya ɗauka da kansu, ƙa'idar ba ta canza ba: in yaro ya zauna, tafin ƙafarsa ya taka ƙasa sosai. Zaunar da shi, ka auna daga ƙasa zuwa bayan gwiwarsa, tsayin kujerarsa ke nan. In ba ka da yaran aunawa a kusa, ma'aunin kujerun makaranta na Turai, EN 1729, zai ba ka mafari. Yaro mai tsayin kamar mita ɗaya, wato ɗan shekara 3 zuwa 4, kujerarsa santimita 26 ce, teburinsa 46. Na gaba da shi, 31 da 53. 'Yan ƙananan ajujuwan firamare, 35 da 59. Babban mutum, 46 da 76. Da yake a kasuwar Katako da inci ake ciniki, kujerun nan sun kama inci 10, 12, 14 da 18.

Sake duba lambobin. 46 ta fito sau biyu: tsayin mazaunin babba shi ne tsayin teburin ɗan shekara uku. Abin da kake nema, kaya ɗaya da zai yi wa yaro da babba, ga ƙofarsa nan. Ɗauki benci mai katako huɗu: sama, gefe biyu, da baya. Tsayinsa 46, tsawonsa 90, faɗinsa 40, ka huda katakon bayan da ƙaton rami zagayayye mai faɗin 30. A tsaye, baƙo ya zauna ya cire takalmi, ko yara biyu su yi rubutu a kai, ko ɗaya ya rarrafa ta ramin ya mai da ƙarƙashin ɗakinsa. A kwantar da shi a bayansa, ya zama kwale-kwale ko ma'ajiyar kayan wasa. Ka yi masa 'ya'ya biyu, ƙananan kujeru masu gefe biyu da baya, tsayin 40, ka sa katakon zaman a 26 daga ƙasa. In aka kifa kujerar, mazaunin ya koma wajen 16, daidai ƙaramin yaron da ya fara tafiya. Da dare duka biyun su shige ƙarƙashin bencin, ɗaki ya samu fili. Filawud ɗaya mai ƙafa 4 da 8 zai fitar da ukun har da saura.

Wannan tsari ba ya zuwa a zane na farko. Cika shafi da ƙananan zane-zane, ashirin ko fiye, kowanne bai wuce girman kwalin ashana ba, kuma kar ka goge ko ɗaya, don mummunan na yau ne ke ba da dabarar gobe. Wanda ya tsaya maka a rai, sai ka zana shi ta gaba, ta gefe da ta sama, da awonsa, sannan ka sake zana shi a kowace kwanciya da za a iya juya shi. Kar ka taɓa zana kujera ita kaɗai. Sa mutum a kai, ko da na sanda-sanda ne, kuma in yaro ne ka girmama kansa, domin haka halittarsa take: kan ƙaramin yaro ya fi ƙirjinsa wuyar wucewa ta rata. Za ka ga amfanin wannan a gaba. Shafi na ƙarshe kuma na yanka ne: zana filawud ɗin, ka jera guntayen a cikinsa. Sau da yawa rage santimita biyu a faɗi shi ke hana ka sayen filawud na biyu.

Sai ƙaramin samfuri. Duk wanda ya yi motar kara yana yaro ya riga ya iya wannan aiki, sai dai bai san sunansa ba. Kwali, karan dawa, tsinken tsintsiya, reza da gam. Raba kowane awo gida biyar: 46 ta koma 9.2, 90 ta koma 18. Na zaɓi biyar ne saboda filawud mai kaurin milimita 18 in aka raba shi biyar yana komawa kusan kaurin kwalin taliya, ka ga samfurin ba zai yi maka ƙarya a ido ba. In ka haɗa, tura shi da yatsa ta gefe. In ya karkace kamar zai durƙusa, na katakon ma haka zai yi, kuma a nan za ka gane cewa katakon bayan nan da ka huda ba ado ba ne kawai, shi ke riƙe da bencin. Yanka mutum na takarda daidai wannan awo ka tsayar a gefe, ka kwantar da wayarka a ƙasa ka ɗauki hoto. Hoton zai nuna maka yadda abin zai kasance a idon yaro, kuma da shi kaɗai kana iya samun mai saye na farko.

Matakin da 'yan'uwanmu kafintoci suka fi tsallakewa shi ne na cikakken girma, wai ɓata lokaci ne. Tela ba ya sa almakashi a shadda mai tsada bai auna mai rigar ba. Mu kuwa sai mu yanka maɗaci a kan abin da muka gani a takarda. Je wajen masu sayar da firji da talabijin a kewayen kasuwar Terminus ka sayi kwalayensu, ka yanka bencin da girmansa na gaske. Kwali ya fi ƙarfin yadda ake zato. A 1972 Frank Gehry, mai zanen gine-gine, ya fitar da kujerun da aka sayar a kasuwa waɗanda da kwali aka yi su, an manne shi shimfiɗa kan shimfiɗa. In ka manne uku ko huɗu, layin wannan ya gitta na wancan, yaro zai zauna ba fargaba. In kwalin ya gamsar da kai, sai ka maimaita da ragowar filawud mafi arha a shagon, da sukuru kawai ba gam, don za ka kwance ka sake fiye da sau ɗaya.

Yanzu kai shi gidan da ke da yara, da izinin iyayensu kuma suna wurin. Ajiye a tsakar gida ka koma gefe ka yi shiru. Kar ka ce musu ga kujera, kar ka nuna yadda ake juya ta. Wannan shirun shi ne gwajin. Duba abin da suka fara yi, inda suka kama da hannu, inda suka buga kai, abin da suka yi rigima a kansa, da ɓangaren da ba wanda ya kula. Za su yi abin da bai taɓa zo maka a rai ba: su ɗora ƙaramar kujera kan bencin su hau su diro. Kar ka tsawata, rubuta. Sannan ka saurari uwar gidan, don ita ce mai hukunci. Ba za ta tambaye ka launi ba tukuna. Za ta tambaya ko yana wankuwa, ko za ta iya ɗaga shi da hannu ɗaya tana shara, da inda za a ajiye shi in an yi baƙi.

Akwai gaskiyar da masu zane na waje ba su cika sa wa a lissafi ba, mu kuwa dole mu sa. A gidajenmu babu kujerar da ta zama ta yaro shi kaɗai. Yau goggonsa za ta ja ta ta zauna tana tsintar shinkafa, gobe yayansa ya taka ta ya canza ƙwan fitila. Haka duk abin da ka yi wa manya, yaro sai ya hau shi. Don haka kowane kaya ka gwada shi da nauyin babba da kuma ƙiriniyar yaro. Kayan gwajin na nan kusa da kai: buhun siminti kilo 50 ne, jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce. Ɗora buhu biyu a kan ƙaramar kujerar ka bar su su kwana, da safe ka duba mahaɗai. Ɗora jarkar a can bakin bencin, kowace kusurwa bi da bi. In saman ya zarce ƙafafun da yawa, a nan zai kifa, shi ya sa nake son gefen ya sauko daidai da bakin. A Turai kayan wasan da yaro ke hawa ana gwada su a gangara mai digiri 10. Kai ma ɗaga kan filawud mai ƙafa 8 da kamar santimita 42, ka samu gangararka.

Maganar rata kuwa ba ta son sakaci ko kaɗan. Duk ramin da yaro zai iya zura ƙafa, ko dai ya gaza santimita 9, jiki ba zai shiga ba, ko ya wuce 23, kai ma ya wuce. Tsakanin nan ne jiki ke zurarewa kai ya maƙale, yaro ya rataye. Dalilin da ya sa na ce ramin bencin ya zama 30 ke nan. Gadon jarirai ya fi tsanani: tsakanin sanda da sanda kar ya wuce santimita 6. Ƙananan huji masu faɗin milimita 7 zuwa 12 su ke kama yatsa. In fensir ya shiga, ko ka toshe ko ka faɗaɗa. Duk wani ƙulli ko maɓalli da bai kai santimita uku da 'yan kai ba, ɗan ƙasa da shekara uku zai iya haɗiye shi, kuma ka ɗauka cewa abin da aka manna da gam wata rana zai ɓalle. Akwatin kayan wasa ka bar shi ba murfi. Gado mai hawa biyu, saman ba na ɗan ƙasa da shekara 6 ba ne, ka faɗa wa iyayen ko da ba su tambaya ba. Kowace kusurwa ka ci ta da sanfefa har sai ka iya goga ta a bayan hannunka ba ka ji kaifi ba.

Abin da ya fi tsayin yaro kuwa, dirowa tsani ce a wurinsa. A 2016 kamfanin IKEA ya janye dirowoyi miliyan 29 a Amurka bayan sun faɗo wa yara har wasu sun mutu, kuma tun 2023 dokar ƙasar ta wajabta a gwada irin waɗannan kaya da nauyin da ya kai kamar kilo 27. Jarkar nan taka ta kusa: buɗe dirowar sama ka rataya ta ka gani. Ana ɗaure dogon kaya da bango, amma da yake masu haya da yawa ba sa son faɗa da mai gida kan huda bango, ni na fi son a yi shi gajere mai faɗin gindi tun daga zane.

Manya kuwa suna son wasa, ba sa dai son a gan su suna so. Ka ba su abin da in an kalla mutunci ne, in an zauna ne ake jin daɗinsa. Kujera mai girgiza a baranda, wadda za ka zana lanƙwasar ƙafarta da igiya da ƙusa, ka fara da igiya mai inci 40 ka gwada, ka ɗan miƙar da bayan ƙafar don kar ta wuce da mutum. Ko ƙaramin tebur na majalisa da aka sassaƙa wa gidajen dara, layi biyar gida shida-shida, da marufin da ke mai da shi teburin shayi, 'ya'yan darar kuma suna da wurin kullewa saboda masu rarrafe. Tuna da suturarmu. Kujerar da sai an ware ƙafa an hau kamar babur ba za ta karɓu wurin mai zani ba, mai hannu matsattse za ta riƙe babbar riga, wadda ta yi ƙasa sosai kuma dattijo zai zauna ya kasa tashi. In kana son ganin yadda ake haɗa yaro da babba a kujera ɗaya, nemi hoton Tripp Trapp, wadda Peter Opsvik ɗan Norway ya zana a 1972: ƙafa biyu masu tsagi-tsagi, katakon zama da na taka ƙafa suna hawa suna sauka yayin da yaro ke girma. Dubi dabarar tsagin, kar ka kwafi kujerar.

In ka zo sayen katakon gaske, tuna a Jos kake. Katakon da aka sauke a kasuwa sau da yawa ɗanye ne, musamman malaina, wadda ke da sauƙin nauyi da karɓar fenti amma tana jinkirin bushewa. Ka haɗa shi da damina, hunturu ya zo daga Disamba ya tsotse shi, mahaɗai su buɗe, kuma wannan ratar ce ke cizon yatsa. Katako a faɗinsa yake tsukewa, tsawonsa kusan ba ya motsi. Jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani ya sha iska kafin ka taɓa shi. Obeche ya yi laushi ga abin da za a riƙa jifa da shi, loko kuma ya yi wa yaro nauyi, ƙurarsa ma na damun ƙirjin mai gogewa. Filawud mai kyau ya fi dacewa da wannan aiki saboda shimfiɗunsa sun gitta juna, ba ya motsi sosai. MDF dai, wato katakon da ake matsewa daga garin itace, ka bar wa ƙofar wadirob: yana kumbura da ruwa, gefensa ba ya riƙe sukuru, kayan yara kuwa kullum cikin ruwan wanki da fitsari suke. Sa 'yan robobi a ƙasan ƙafa don ruwan goge tayil.

Yaro zai ciji kujerarsa, wannan ba shakka. Kar maganin gara ko baƙin mai su kusanci abin da za ka ba shi, haka ragowar fentin mota. Mun ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010. Can daga duwatsun haƙar zinariya ta fito, amma dalmar da ake sa wa wasu fentin mai, musamman ruwan ɗorawa da ja, ita ɗin ce dai. Iyakar da ƙasashe da yawa suka sa a fenti ita ce kashi 90 cikin miliyan. Karanta jikin gwangwani, ka fi karkata ga fenti mai haɗin ruwa, kuma ka bar kayan su sha iska har warin ya tafi kafin ka kai. Launi ɗaya ko biyu sun isa, a cikin ramin ko a gefen katako, sauran ka bar idon itacen ya fito; haka ne zai zauna a falo ba a kai shi bayan ɗaki ba.

In samfurin ya tsallake duk wannan, kwance shi ka kwafi kowane guntu a siririn filawud, ka rubuta sunansa da awonsa da inda sukuru ke shiga, ka huda ka rataye a bango. Da su yaran shagonka za su yanka na biyu da na goma ko ba ka nan. Kuɗin kwali da gam da kwanakin gwaji kuma kar ka ɗora wa mai saye na farko shi kaɗai, raba su a kan guda goma na farko. Za a kwafe ka a kasuwa cikin 'yan makonni, don haka tun kana fentin bencin nan ka buɗe sabon shafi ka fara ƙananan zanen na gaba.